Jami'ar da Ta Iya Zari-Ruga: Yadda Ake Gane Ta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar zari-ruga za mu yi, wasan nan na ƙwallo mai siffar ƙwai da Bature ke kira rugbi. Kada a haɗa shi da wanda 'yan Amurka ke yi da hular kwano. Wannan ƙirji ne da kafaɗa, mutum 15 kowane ɓangare, minti 80, kuma ba a jefa wa abokin wasa ƙwallo ta gaba, sai ta baya ko ta gefe. Akwai kuma na mutum 7, wanda ake bugawa a gasar Olamfik. To, a ce yaro ya iya wasan nan, ko a kulob ɗin Barewa na Kano ya koya ko a wata makaranta a Legas, yana son ya yi digiri ba tare da ya jingine takalminsa ba. Wace jami'a zai dosa?

Abin da ya fi ruɗin mutane shi ne suna. Da an ce Ingila, hankali sai ya tafi Oxford da Cambridge. Gaskiya ne, tun 1872 suke karawa da juna kusan duk shekara, kuma wasan yana da tarihi. Amma babbar gasar jami'o'in Birtaniya, wadda ake kira BUCS Super Rugby, da aka fara a 2016, babu ko ɗaya daga cikinsu a ciki. Waɗanda ke cin karensu babu babbaka a can su ne irin su Exeter, Durham, Bath, Cardiff Met, da Loughborough, wadda rubutun sunanta ke ba da tsoro amma a baki Lafbara kawai ake cewa. Sai kuma Hartpury. Wannan makarantar koyon noma ce da aka kafa a 1947 a karkarar Gloucestershire, sai a 2018 ta zama cikakkiyar jami'a, amma ita ta ɗauki kofin gasar sau uku a jere daga 2017. 'Yan wasan Ingila irin su Jonny May da Ellis Genge ta can suka bi. Ƙungiyar mata da take haɗin gwiwa da kulob ɗin Gloucester kuwa ta lashe gasar ƙwararrun matan Ingila a 2023 da 2024 da 2025. Wanda ya bi suna, ko kallon Hartpury ba zai yi ba.

Saboda haka tambayar farko ita ce: a wace gasa babbar ƙungiyar makarantar take bugawa, kuma a wane mataki ta ƙare cikin shekaru uku ko huɗu da suka wuce? Teburin gasa yana nan a intanet, ba ya ƙarya. Hoton ƙato riƙe da ƙwallo a takardar tallar makaranta kuwa, kowa ma yana da shi.

Tambaya ta biyu ta fi muhimmanci ga baƙo: ƙungiyoyi nawa ne a ƙarƙashin babbar? Da wuya sabon ɗalibi ya sauka daga jirgi ya faɗa ƙungiyar farko. Idan akwai ta biyu, ta uku, ta huɗu, kowacce da kocinta da wasanninta na ranar Laraba, wato ranar wasannin jami'o'i a Birtaniya, to akwai tsanin hawa. Idan ƙungiya ɗaya ce tal, mutum zai iya shekara uku yana ɗumama benci.

Sai dai a nan akwai abin da ya kamata a faɗa ƙarara. A Ingila, babbar hanyar zama ƙwararre ba ta jami'a ta bi ba, ta makarantun horo na kulob-kulob ta bi. Dubi Maro Itoje, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya zama kyaftin ɗin Ingila a 2025. Siyasa ya karanta a SOAS ta Landan, makarantar da mu muka fi sani da koyar da Hausa, ba da zari-ruga ba. Kulob ɗin Saracens ne ya raine shi. Immanuel Feyi-Waboso, shi ma mai tsatson Najeriya, karatun likita ne ya ja ragamarsa: bai samu gurbi a Cardiff ba, ya tafi jami'ar Aston yana buga wa Wasps, kulob ɗin ya durƙushe a 2022, ya koma Exeter inda jami'a da kulob ke gari ɗaya. Ka ga ke nan, wani lokaci kulob ɗin da ke maƙwabtaka da jami'a ya fi ƙungiyar jami'ar kanta amfani. Akwai waɗanda jami'a ta fito da su, irin Alex Dombrandt na Cardiff Met, amma ba su ne mafi rinjaye ba.

Yanzu mu dawo nahiyarmu, don ni a ganina nan ne ya kamata a fara dubawa. Afirka ta Kudu ta ci kofin duniya sau huɗu, 1995, 2007, 2019 da 2023, kuma jami'o'inta ba wasa suke yi da wasan ba. Gasar Varsity Cup, wadda aka fara a 2008, ranar Litinin ake buga ta daga Fabrairu zuwa Afrilu, ana nunawa a talabijin, ɗalibai su cika fili maƙil. Stellenbosch, da ake wa laƙabi da Maties, ita ta cinye shekaru ukun farko. A can har ɗakunan kwanan ɗalibai suna da gasarsu, kuma ana ɗaukar ta da zafi kamar damben gargajiya tsakanin Kudu da Arewa. Akwai Tuks ta Pretoria, Ikeys ta Cape Town, Shimlas ta Bloemfontein, da jami'ar North-West da ke Potchefstroom. Eben Etzebeth ya ɗauki kofin da Ikeys a 2011, Handré Pollard ya ɗauka da Tuks a 2013, dukansu biyu daga baya suka ɗaga kofin duniya. A ƙasa da wannan gasa akwai ta biyu, Varsity Shield, inda ƙofa ta fi faɗi. Kuma dokar gasar ta ce sai ɗalibi na gaske, mai cin jarrabawa. Wanda ya faɗi darussansa ya rasa rigarsa, komai ƙarfinsa. Amma fa a shirya: yaran da za a yi takara da su tun suna firamare suke wannan wasa.

Idan aljihu bai kai can ba, Kenya tana da Strathmore Leos, da Blak Blad ta jami'ar Kenyatta, da Mean Machine ta jami'ar Nairobi, Yuganda kuma tana da Impis ta Makerere. Waɗannan da manyan kulob ɗin ƙasarsu suke gwabzawa, musamman a wasan mutum 7.

Amurka ce ke da tarko. Mutane na jin labarin tallafin karatu na ƙwallon kwando sai su ɗauka kowane wasa haka yake. Zari-rugar maza ba ta cikin wasannin NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, kuma a yawancin jami'o'i kulob ne na ɗalibai, wani lokaci ma su ke haɗa kuɗin mota da na riguna. Don haka ka tambaya: sashen wasanni na makaranta ne ke riƙe da ƙungiyar, ko ɗalibai? Kocin albashi yake karɓa, ko taimako yake yi bayan ya tashi daga aiki? Jami'ar California da ke Berkeley tana wasan tun 1882, Jack Clark ya zama kocinta a 1984, ta tara kofuna fiye da kowa, amma ba ta biya wa ɗalibi karatu don zari-ruga. Ƙananan makarantu irin Life University a Georgia da Lindenwood a Missouri su ne kan rage wa ɗan wasa wani abu. Mata sun fi samun gata, don tun 2002 NCAA ta sa nasu cikin wasanni masu tasowa. Ilona Maher, wadda ta ci tagulla a Olamfik ta Paris a 2024, daga jami'ar Quinnipiac ta fito. Harvard da Dartmouth ma suna da ƙarfi, sai dai su ba sa ba da tallafi don wasa, ƙarfin aljihun iyaye suke dubawa.

Japan ma tana nan, inda jami'ar Teikyo ta ɗauki kofin jami'o'i sau 9 a jere daga kakar 2009, amma sai wanda ya shirya koyon harshe.

To, ka ware makarantu biyar ko shida. Me ya rage? Ka rubuta wa kocin da kanka, gajeriyar wasiƙa: shekarunka, tsayinka, nauyinka, gurbin da kake bugawa, sakamakon WAEC ɗinka, da abin da kake son karantawa. Ka haɗa da bidiyo. Kada ya zama na gudu da cin maki kaɗai, koci yana son ganin yadda kake kayar da mutum, yadda kake miƙewa bayan an kayar da kai, don haka ka sa wasa guda cikakke. Ka tambaye shi wa ke duba ɗan wasa idan ya bugu a kai, kuma kwana nawa ake hutar da shi. Amsar nan tana tona asirin ƙungiya fiye da yawan kofunanta.

Akwai kuma maganar da ba a rubutawa a takardar talla. Al'adar zari-ruga a jami'o'in Turai da Afirka ta Kudu tana tafe da shan giya bayan wasa, kuma atisaye ba ya tsayawa don azumi. Ba abin da zai hana Musulmi wasa ba ne, Sonny Bill Williams ya ci kofin duniya sau biyu da New Zealand yana Musulminsa. Amma ka nemi wani ɗalibi a ƙungiyar ka ji ta bakinsa, yadda ake ɗaukar wanda ya ce shi lemo zai sha.

Batun biza kuma a kiyaye. Bizar ɗalibi ta Birtaniya ta hana aiki a matsayin ƙwararren ɗan wasa, wato za ka buga wa jami'a, amma ba za ka sa hannu a kwantiragin albashi da kulob ba. Akwai kuɗin inshorar lafiya fam 776 duk shekara, ban da kuɗin makaranta. Afirka ta Kudu ma sai da inshorar lafiya take ba da bizar karatu. Kuma koci ba ya ba da gurbin karatu, ofishin ɗaukar ɗalibai ke bayarwa, da takardunka.

Sai kalanda. Ta UCAS, cibiyar da ke karɓar takardun masu neman gurbi, ake neman jami'o'in Birtaniya, zaɓi biyar, ana rufewa a Janairu, amma likitanci da Oxford da Cambridge tun 15 ga Oktoba. Afirka ta Kudu a Fabrairu take buɗe shekarar karatu, ana rufe neman gurbi watanni da yawa kafin nan. Wanda ke aji biyu na babbar sakandare, a kakar bana zai nemi mai riƙe masa waya a bakin fili don ɗaukar bidiyon wasansa.