Kagarar da Takarda Ta Buɗe Ƙofarta

 Akwai wani dutse a ƙasar Siriya, kimanin kilomita 40 yamma da birnin Homs. Ginin da ke bisa kansa Larabawa na kiransa Ƙal'atul Husn, Turawa kuma Krak des Chevaliers.

Me ya sa aka yi ta zubar da jini a kan wannan wuri? Hanya ce. Duk ayari ko rundunar da za ta taso daga cikin Siriya zuwa gaɓar teku wajen Tarabulus ta Lebanon, sai ta bi ta kwarin da ke ƙarƙashinsa. Wanda ya riƙe dutsen, shi ke da hanyar.

A 1031 wani sarki na yankin ya zaunar da mayaƙan Kurdawa a nan, shi ya sa aka fara kiran wurin Hisnul Akrad, wato kagarar Kurdawa. 'Yan Salibiyya, wato mayaƙan Kirista daga Turai, suka kama ta a 1110. Daga baya ta koma hannun ƙungiyar Hospitaller, mutanen da suka faro da jinyar masu ziyara marasa lafiya a Kudus, suka ƙare da takobi a hannu.

A 1163 Nuruddin Zangi, sarkin Musulmi mai mulkin Halab da Dimashƙu, ya kafa sansani a filin Buƙai'a, can ƙasan kagarar. Kafin ya yi mata ƙawanya, aka auka wa rundunarsa ba zato, da ƙyar ya tsira da ransa. A 1188 kuwa Salahuddin Ayyubi ya iso, shekara ɗaya bayan ya ƙwace Kudus. Ya tsaya, ya auna ganuwar da ido, ya wuce abinsa. Ba tsoro ba ne a ganina. Ya san watannin da zai ɓata a nan sun fi amfani a wasu garuruwan.

Abin da mayaƙa suka kasa, girgizar ƙasa ta yi, a 1170 da kuma 1202. Sai dai kowace ɓarna ta zama dalilin sabon gini. Aka zagaye tsohuwar kagara da ganuwa ta biyu, aka yi tafki a tsakani. Ko ka fasa ta waje, ga wata ta fi ta tsayi a gabanka, maharba na kallon tsakar kanka.

Sai Baibars, Sarkin Mamlukawa na Masar. Ya iso a farkon Maris na 1271, lokacin da mayaƙan ciki sun ragu ƙwarai. Ya kafa manyan majaujawa masu jifa da duwatsu, mutanensa suka haƙa rami ƙarƙashin wata hasumiya har ta rufta. Ganuwar waje ta faɗi. Ta ciki kuwa tana nan daram.

Nan ne, kamar yadda aka ruwaito, wata wasiƙa ta shiga hannun mutanen ciki, wai daga shugabansu da ke Tarabulus, tana ba su izinin miƙa wuya. Jabu ce. Ranar 8 ga Afrilu suka fito, aka bar su suka tafi da rayukansu. Baibars ya mai da cocinsu masallaci.

UNESCO ta sa kagarar cikin kayan tarihin duniya a 2006. A yaƙin basasar Siriya 'yan tawaye sun fake a cikinta, jiragen yaƙi suka yi mata ruwan bama-bamai, kafin sojojin gwamnati su karɓe ta a Maris na 2014.