Darasin lafiyar baki: maganin da likita ke rufewa cikin saiwar haƙori

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram, na Birni da na Zango da na ƙauyukan kewaye, barkanmu da war haka. Yau darasinmu kan tambayar da masu jinya ke yawan yi mana ne: likita, me ka zuba mini cikin haƙori, kuma don me sai na dawo?

To, ku saurara. In kogo ya ci haƙori har ya kai ga jijiya, ƙwayoyin cuta suna shiga siririyar hanyar da ke cikin saiwa. Sai mu cire jijiyar da ta mutu, mu goge hanyar, mu wanke ta da hipoklorit, dangin ruwan jabel ne, amma wanda aka auna don wannan aiki. Wankin nan shi ne babban aiki. Sai dai saiwa tana da lunguna inda ƙarfe ba ya kaiwa, shi ya sa in akwai mugunya ko kumburi muke sa magani a ciki, mu rufe da pansama, mu ba ka randebu.

Wanda aka fi amfani da shi ko'ina a duniya shi ne hidroksid na kalsiyom, wani farin kwaɓi. Wani Bajamushe, Hermann, ya shigo da shi aikin haƙori a 1920, kuma har yau maganin bai sauka daga kujerarsa ba. Kaifinsa irin na kanwa ne, ya ma fi ta nesa, don awonsa na pH ya kai 12 da rabi, galibin ƙwayoyin cuta ba sa rayuwa a haka. Amma a hankali yake aiki, yana son kamar mako guda. In kuma aka bar shi wata da watanni, saiwa tana iya yin rauni har ta tsage. Sannan akwai wata ƙwaya mai taurin kai, Enterococcus faecalis, da ke jure masa, an fi samun ta a haƙorin da aka taɓa yi wa aiki bai warke ba. A nan wasu likitoci ke komawa ga kloreksidin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, mai kashi 2 cikin 100. Ɗalibai masu saurare, kada ku bari ya haɗu da hipoklorit cikin saiwa, yana yin wani gurɓi ruwan ƙasa.

Akwai kuma haɗin magungunan kashe ƙwayoyin cuta guda uku da masu bincike na Japan suka fito da shi: siprofloksasin, metronidazol da minosiklin. An fi sa shi a haƙorin yara wanda saiwarsa ba ta gama girma ba. Aibinsa, minosiklin yana rina haƙori. Ledermix kuwa wani kwaɓi ne na daban, don kwantar da zafi. Tsofaffin magunguna irin su formokresol, masu warin nan da ke cika ɗakin likita, ni dai ba na sa su, suna ƙona naman da ke ƙarshen saiwa.

Yanzu ga inda nake so ku riƙe, iyaye da 'yan'uwa. Kwana biyu ciwo ya lafa, sai mutum ya ce ai ya warke, ba ya dawowa. Pansaman nan ta wucin gadi ce, tana gutsirewa, yawu ya shiga, ƙwayoyin cuta su koma gidan jiya. Sai an cire maganin, an cike saiwar da guta-perka, wata irin roba, sannan aiki ya ƙare. In pansama ta faɗi kafin ranar randebu, kada ka cusa kanumfari ko dakakken ƙwayar magani a ramin, ka zo asibiti a sake rufewa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana kan ciwon dasashi ga mata masu ciki. A huta lafiya.