Kofin shayi a Laleli da wayar da muka buga Kantin Kwari

Assalamu alaikum jama'a, musamman mutanenmu na Kano. Ina magana da ku ne daga unguwar Laleli a birnin Istanbul, inda 'yan kasuwarmu da dama suke zuwa sarin kayan sawa, kuma abin da ya sa na kunna kyamara yau wani ɗan abu ne da ya faru da ni da hantsi, wanda har yanzu ya ƙi fita daga raina.

Na shiga wani ƙaramin shago domin in saya wa uwargida gyale guda ɗaya tak. Kafin in gama sallama, mai shagon ya miƙe tsaye, ya kife wayarsa a kan tebur, bai sake waiwayarta ba har na fita. Ya tsiyaya mini ɗan turaren lemon tsami a tafin hannu kamar yadda suke yi wa baƙo, ya jawo mini kujera, ba a jima ba sai ga wani yaro da jan shayi a cikin ɗan kofin gilashi mai ƙugu, da ƙwayar sukari biyu a gefen faranti. Ya warware mini gyale har takwas, fuskarsa ba ta sauya ba. Da na zaɓi ɗaya, sai ya ɗaga shi a hasken ƙofa, ya ga zare ya ɗan zame a gefe, ni ban ma lura ba, ya mayar da shi ya ɗauko mini wani irinsa. Gyalen duka lira 250 ne, kuɗin da bai fi na abincin rana ba a nan, amma ya ninke shi cikin farar takarda, ya haɗa da katin shagon, ya rako ni har bakin titi.

Abin da bawan Allah nan bai sani ba shi ne, na zo garin ne da kuɗin sari a hannuna, kuma kwana uku ke nan ina yawo ban yanke shawarar wurin wanda zan saya ba. Gobe in Allah ya kai mu wurinsa zan koma. Ban ko tambayi farashin sarinsa ba tukuna, zaren nan da ya nuna mini shi ya gama cinikin.

Kada wani ya ɗauka ina cewa Turkawa waliyyai ne. A babbar kasuwarsu mai rufi, wadda aka fara ginawa zamanin Sultan Muhammadu Fatih bayan ya ci birnin a 1453, mai shaguna kusan 4,000, na ga masu jan rigar baƙo da masu ninka farashi da zarar sun ji harshenka ba nasu ba ne. Kuma ba na yarda a yi mini gorin daɗewa a kasuwanci, domin Kasuwar Kurmi tamu ita ma tun ƙarni na 15 take ci, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, lokacin da ayarin raƙuma ke ratso Sahara zuwa Kano. Mu ne muka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ni na tashi na ga mahaifina, Allah ya jiƙansa, a rumfarsa ta Kwari, idan baƙo ya zo daga Maraɗi ko Damagaram sai an ba shi ruwa mai sanyi, an tambayi hanya da iyali da damina, kafin a taɓa atamfa ko turmi ɗaya. Idan ya ce "albarka", da murmushi yake faɗa, har mai tayi ya ji kunyar tafiya. Wanda ya sayi yadi goma kuwa ba ya tashi sai da ɗan gyara. Wallahi shayin nan ƙamshin rumfar Baba ya tuna mini, sai na ji kewar gida ta kama ni a tsakiyar titi.

To daga nan ne abin ya koma ɓacin rai. Na roƙi wani abokina Bakano da muke masauki ɗaya ya kira shagona na Kwari da lambar nan ƙasar, ya yi kamar mai neman shadda, ni kuma ina gefe ina ji. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka. Abin da ya fara fitowa daga bakin yaron shagona shi ne, "Eh, waye?", kuma da ji ka san akwai abin da yake taunawa. Abokina ya yi sallama, ya tambaya ko akwai ruwan toka mai duhu da nawa ake sayar da yadi. Yaron ya ce, "Ka zo ka gani mana," ya kashe.

Laifin nawa ne kafin ya zama nasa. Bara na kashe kuɗi masu kauri a kan allon shago mai fitila, na biya masu talla a Instagram da TikTok, amma ban taɓa zaunar da yaron nan na minti goma na koya masa yadda ake amsa waya ba. Manyan kamfanoni suna buɗe ofis guda na hulɗa da jama'a, su ɗauki ma'aikata su biya su albashi domin kare sunansu. Mu a kasuwa ofishin namu shi ne bakin yaron da ke zaune a kan benci, kuma yawancinmu mun bar shi da waya a hannu.

Saboda haka ina gargaɗinku da abin da ya ci ni. Idan kwastoma ya yi turansifa kuna jiran alat, ku ba shi wurin zama ku ci gaba da hira da shi, kada ku tsare shi da ido kamar wanda aka kama da kayan sata, domin ko kuɗin sun shigo ba zai manta da kallon nan ba. Hoton da za ku tura ta WhatsApp kada a ƙara masa haske, don idan Hajiya ta ga shuɗi a waya aka kai mata kore, ba ku kaɗai za ta yi wa ƙorafi ba. Mai haɗa kayan lefe kuwa ku ji tsoronta fiye da kowa: abin da ta gani a shagonku, mai daɗi ko akasinsa, sai ta ba da labarinsa a gidan biki, gaban mata ɗari waɗanda kowace tana da 'ya ko ƙanwa da za a aurar. Ni akwai wata da na rasa a kan canjin naira 200 da yarona ya ce mata babu, ta tafi da 'yan uwanta duka zuwa layin da ke bayanmu, sai daga baya na ji dalili.

Ɗazu bayan azahar na kira shagon da kaina da wannan lambar, da niyyar in yi masa faɗa. Ya ɗauka ya ce, "Eh, waye?" Da ya gane muryata sai ya rikice, ya shiga jero mini "Ranka ya daɗe, Alhaji, barka da warhaka, ya hanya, ya sanyi?" Ashe ya iya, ni kaɗai yake ajiye wa. Na ce masa idan na dawo za mu zauna. Ga kiran sallar la'asar nan ya fara daga masallacin Laleli, bari in je, gobe zan nuna muku kayan da na ɗauka a wurin mai shayin.