Sabunta fasfon Najeriya daga ƙasar waje

Assalamu alaikum jama'a. Ɗauko fasfonka, buɗe shafin da hotonka yake, ka duba ranar ƙarewarsa. In abin da ya rage bai kai shekara guda ba, to yanzu ne lokacin fara shiri.

Dalili kuwa, fasfo yana daina amfani tun kafin ranar da aka rubuta a jikinsa. Ƙasashe da yawa ba sa buga biza a fasfon da bai da sauran wata 6, kuma kamfanin jirgi zai iya hana ka hawa saboda haka. Takardar zamanka ma da shi take tafiya. Wanda ke Saudiyya ya san ba a sabunta iƙama da mataccen fasfo.

Kafin ka taɓa fom, fara da lambar NIN, wato lambar shaidarka ta ɗan ƙasa, domin a nan ne aikin mutane da yawa yake cijewa. Hukumar Shige da Fice ba ta buga fasfo sai bayananka sun yi daidai da waɗanda ke rumbun NIMC, hukumar katin ɗan ƙasa. Kwamfuta ce ke gwadawa, ita kuwa ba ta san Muhammad da Mohammed mutum ɗaya ba ne. A wurinta A'isha daban, Aishatu daban. In a tsohon fasfo sunan mahaifinka ne sunan iyali, a NIN kuma sunan garinku aka sa, ba za ta wuce ba. Haka ranar haihuwa, musamman ga waɗanda aka rubuta wa 1 ga Janairu a takarda ɗaya saboda ba a riƙe ranar ba, aka sa wata rana a ɗayar. Ajiye fasfon da takardar NIN gefe da gefe, ka bi su harafi bayan harafi. In akwai saɓani, a NIMC ake gyarawa, da kuɗinsa daban, kuma yakan ɗauki makonni. Wanda bai da NIN kwata-kwata sai ya nemi cibiyar rajista mai lasisi a ƙasar da yake, ya yi tukuna.

In wannan ya daidaita, sai ka shiga passport.immigration.gov.ng. Rubuta adireshin da hannunka, kada ka bi wanda aka turo a WhatsApp, don akwai shafukan bogi masu kama da na gaskiya sak. Ka sa NIN, ka zaɓi ƙasar da kake da ofishin jakadancin da zai yi maka aiki. A Amurka akwai Washinton, New York da Atlanta, a Saudiyya Riyad da Jidda, a Birtaniya kuma Landan. Yi hattara a wannan gurbin, canja ofishi bayan an biya kuɗi wahala ce.

Sai irin littafin. Mai shafi 32 na shekara 5 dala 150 ne, mai shafi 64 na shekara 10 dala 230, wasu ofisoshin kuma suna da nasu kuɗin hidima a kai. A ganinmu, baligin da ke zaune waje ya ɗauki na shekara 10 kawai, bambancin dala 80 bai kai wahalar maimaita wannan zirga-zirga ba. Yaron da bai kai 18 ba na shekara 5 ake ba shi, kuma ana neman takardar haihuwarsa da wasiƙar amincewar iyaye.

Hoton da za ka ɗora ya zama bango fari, fuska a miƙe, babu tabarau, babu inuwa. Hijabi ba ya hana karɓar hoto, muddin fuskar ta fito daga goshi zuwa haɓa.

Bayan biya, ka buga fom da rasit, ka zaɓi ranar zuwa ɗaukar hoto da zanen yatsu. Ka tafi da tsohon fasfo, takardar NIN da shaidar zamanka a ƙasar. Ofisoshi da dama suna son ka kawo ambulan ɗin gidan waya da ka riga ka biya, mai adireshinka, don a aiko maka da sabon. Mata, a guji ƙunshi ana kusa da ranar, lalle yana hana na'urar karanta yatsu da kyau.

Akwai kuma hanyar da ba sai ka je ofis ba, ta manhajar NIS Mobile, inda wayarka ke ɗaukar fuskarka da yatsunka. An fara ta a Kanada a Nuwamban 2024, ta isa Birtaniya da Turai a 2025. Ta baligai ce masu sabuntawa kawai. Mai canja suna ko wanda fasfonsa ya ɓata sai ya bayyana da kansa, na biyun da rahoton 'yan sanda a hannu.

In tafiyar gaggawa ta taso, rasuwa ko rashin lafiya, fasfo kuma bai fito ba, ofishin jakadanci yana ba da takardar tafiya ta gaggawa. Gida kawai take kai ka, ba a dawowa da ita.

Ranar da sabon ya iso, duba rubutun sunanka da ranar haihuwa nan take. Kada ka yar da tsohon, domin bizar Amurka da ke cikinsa tana aiki har ranar ƙarewarta, sai dai ka riƙa tafiya da littafin biyu. Lambar fasfo kuma ta canja, don haka mazaunin Birtaniya ya sa sabuwar a asusunsa na UKVI, hukumar biza da shige da fice ta ƙasar, na Saudiyya kuma ya tabbatar an sa ta a Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya, kafin ya sayi tikiti.