Sharhi: Ramukan Gilashi da Suka Karya Farashin Karanta DNA

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Aikin farko na karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam, wato DNA, an fara shi a 1990, bai kammala ba sai 2003, ya kuma laƙume kusan dala biliyan 3. A 2014 kamfanin Illumina na Amurka ya fito da na'urar da ya ce za ta yi wannan karatu a kan dala 1,000. Kwamfuta ake yawan yaba wa, amma a ganina babban kason yabon na masu ƙera faifan gilashin da ake jera DNA a kansa ne.

DNA rubutu ne mai haruffa huɗu, A, C, G da T, na mutum ya kai haruffa biliyan 3. Kaurin zarensa nanomita 2 ne kacal, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Ana yayyanka zaren, a kafa guntayen a kan gilashi, a riɓanya kowanne, sannan kyamara ta riƙa ɗaukar hasken da kowane harafi ke fitarwa.

Da can watsa guntayen ake yi, kamar manomi ya watsa iri: nan cunkoso, can fili. Inda biyu suka haɗu haskensu ya gauraya, karatun ya ɓaci. Sai aka ari fasahar masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, aka haƙa ramuka biliyoyi a jere, kowane guntu da nasa.

To amma wa zai sa guntu ɗaya tak ya shiga rami? Lissafi ya nuna in aka bar su su faɗa yadda suka ga dama, ramukan da za su sami ɗaya rak ba za su wuce kashi 37 cikin 100 ba. Dabarar da aka ɓullo da ita tana burge ni ƙwarai: guntun da ya riga shiga yana riɓanya da sauri, ya cika ramin kafin na biyu ya iso. Kamfanin Complete Genomics kuwa dunƙule DNA yake yi, ƙwallo ɗaya ya mamaye gurbinsa.

Cikas ɗin da ya rage shi ne haske kansa, domin in ramuka suka matsu fiye da kima kyamara ba ta iya bambance su. Kamfanin Oxford Nanopore na Ingila ya kauce wa kyamara ɗungurungum: yana zura zaren ta wata 'yar kafa, ya gane haruffan daga yadda wutar lantarki ke sauyawa.