Yau Ga Ni a Kabarin Sarki Kurush

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Daga Fasargad nake muku magana, a lardin Fars na ƙasar Iran, kamar kilomita 130 daga Shiraz. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, wurin fili ne fetal.

Kun ga wannan ginin dutsen a bayana, mai hawa shida da ɗan ɗaki a bisa? Kabarin Kurush ke nan, sarkin da ya kafa daular Farisa ta dā, wanda wasu ke kira Sairus. Tsayinsa kamar mita 11 ne kawai. An kewaye shi, ba a bari a hau.

Ya hau karaga wajen shekara ta 559 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana ƙaramin sarki a ƙarƙashin Mediyawa, masu mulkin wannan yankin a lokacin. A 550 ya kayar da su, ya wuce ya ci Lidiya a yammacin Turkiyya ta yau, a 539 kuma ya shiga Babila, a Iraƙi ta yau.

To, a nan labarin ya yi armashi. Sarkin Babila, Nabonidus, ya riga ya ɓata da masu hidimar gunkin garin, Marduk. Da Kurush ya shigo, bai rushe wuraren ibada ba. Gumakan da aka kwaso daga wasu garuruwa ya sa aka mayar wa masu su, Yahudawan da aka kawo bauta kuma ya bar su su koma Ƙudus. Akwai wani dunƙulen yumɓu mai rubutu da aka tono a Babila a 1879, yanzu yana gidan tarihi a Landan, yana yabon adalcinsa. A nan Iran za ka ji ana cewa shi ne kundin haƙƙin ɗan Adam na farko a duniya. Ni dai ina ganin dabarar mulki ce: ka bar mutane da addininsu, haraji ya shigo, tawaye ya kwanta. Kuma da umarninsa aka rubuta shi, maroƙi kuwa ba ya kushe ubangidansa.

Ƙarnuka da dama mutanen yankin nan sun ɗauka wannan ginin kabarin mahaifiyar Annabi Sulaiman (AS) ne, har masallaci aka taɓa yi a kewayensa. Malamai irin su Abul Kalam Azad da Allama Tabataba'i sun karkata ga cewa Kurush ne Zulƙarnaini na Suratul Kahfi, wasu kuma sun ƙi wannan ra'ayi. Allah ne masani.

Kurush ya rasu a 530 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ku biyo ni, ragowar ginshiƙan fadarsa suna can gaba kaɗan.