Fodkas daga Garwa: Jinin da ke yin guda bayan ciwon huhu

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro. Hunturu ya kama a Garwa, ko'ina tari. Baba Likita, tun zamanin korona ake cewa wai ciwon huhu yana daskarar da jini.

Likita Sale: Babu wai a ciki, 'yata. Korona ta shigo Kamaru a watan Maris na 2020. A shekarar, likitoci a Holan suka bibiyi majinyatan korona 184 a ɗakin kulawa ta musamman, kusan ɗaya cikin uku jininsu ya yi guda, galibi a jijiyoyin huhu, alhali ana yi musu allurar rigakafin hakan. An ga irinsa a murar aladu ta 2009.

Bello: Ikon Allah! Ina ruwan tari da jini?

Likita Sale: Cutar tana hura kumburi a jiki, cikin jijiya ya ji rauni. Ga mutum kwance ba motsi, ga zazzaɓi ya ƙona masa ruwan jiki. Sai jini ya yi kauri.

Hadiza: Shi ya sa a asibiti muke ɗibar jini don gwajin D-dimer.

Likita Sale: Ɓurɓushin gudan jinin da jiki ya narkar ke nan. Hayaƙi ne, ba ya nuna inda wutar take. Mai ciki ma nata yana hawa, haka tsoho, haka wanda aka yi wa tiyata.

Bello: To, Baba, waɗannan sojojin garkuwar jiki da ake cewa sun juya wa mai su baya fa?

Likita Sale: Yauwa. Antifosfolifid ake ce musu. A Mishigan ta Amurka an gwada majinyatan korona 172 da aka kwantar, aka same su a jinin kusan rabi. Cikin sojojin nan akwai nau'i ɗaya mai ban mamaki: a kwalbar gwaji yana jinkirta daskarewa, a jikin mutum kuwa ingiza ta yake yi. Amma a saurara da kyau, sau da yawa cutar ce ke tayar da su, ta wuce su ma su wuce. Ba a yanke hukunci sai an maimaita gwaji bayan mako 12.

Bello: Ke nan takarda ɗaya ba ta isa a ce mutum ya shiga shan magani har abada ba.

Likita Sale: Sam. Kuma kada kowa ya sayi maganin tsinka jini a bakin kasuwa. Zubar jini ma tana kisa.

Hadiza: Ni abin da ke ci mini rai, Yaya Bello, bayan sallama ne. A dawo mana da dattijo, sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura, ga zafi, fatar har sheƙi take. In sa awo in ga ta fi 'yar uwarta kauri. An kwana uku ana murza ta da man zafi, wani har wanzami ya yi masa ƙaho.

Bello: Mu kam gajiyar kwanciya muke ɗauka.

Likita Sale: A daina murzawa. Gudan na iya ɓallewa ya tafi huhu. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ko ƙirji na suka, ko tari da jini, a nemi mota a nufi asibiti a daren, da takardun gwajin baya a hannu.

Hadiza: Mako mai zuwa sai masu juna biyu, in Allah ya kai mu.